Tsingaron Yaya Saude

Ranar Talata bayan La'asar ina zaune a zaurena a Kahu, sai Sani, ɗan yayata, ya tsayar da babur, ya durƙusa a gabana ya kasa gaisuwa. Nan na gane Yaya Saude ta amsa kiran Ubangijinta a gidanta na Fassi. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Ina rubuta wannan ne da baƙin ciki, da kuma takaicin da ba na ɗora wa kowa sai kaina.

Shekaru masu yawa, kowace Juma'a takan toya waina ta aika masallaci sadaka. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Sani ya kawo mata murhun ƙarfe daga wani maƙeri a Rano. Murhun yana zuƙar iska ta ƙasa, wuta ta yi ta ruri, waina ta ƙone a waje alhali cikinta ɗanye. Ba ta mayar masa ba, don kada ransa ya ɓaci. Sai ta shafe cikin murhun da yumɓu, ta samo tsingaron tukunya tana toshe ƙofar iskar da shi, ta ja kaɗan, ta mayar kaɗan. In zafi ya ƙi sauka, ta zare itace guda ta cusa a toka. Takan ce, "Ba a zuba wa wuta ruwa tanda tana kai. A rage mata abinci, za ta sauko da kanta."

Sau da yawa ta ce mini, "Malam, turo mini Binta ta zauna kusa da ni, ni fa ba dawwama zan yi ba." Binta 'yata ce. Nakan amsa, "Yaya, hura wuta ai ba karatu ba ne." Sai ta yi dariya ta ce, "To, Malam, Allah Ya ba ka haƙuri ranar da za ka ci baƙar waina."

A ciwon ajalinta ta riƙe hannuna, ta ce kada sadakar nan ta yanke. Na ɗauki alkawari, na kafa Allah shaida.

Juma'ar farko bayan rasuwarta na kai Binta gidan da kaina don ta toya wainar. Ashe masu sharar gidan makoki sun kwashe tsingaron sun zubar a juji. Wuta ta tashi, waina ta yi baƙi, Binta ta firgita ta watsa ruwa. Tandar da muka gada daga mahaifiyarmu ta tsage gida biyu. Aka idar da salla, mabuƙata suka zauna jira, babu abin da ya iso. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai Binta ta ce cikin kuka, "Baba, ai kai ka hana ni zuwa."

Ni da nake karantar da mutane cewa ilimi amana ne, na bar wannan ya shiga kabari ina kallo. Da hannuna na tono tsingaron a juji. An samo sabuwar tanda, amma Juma'a uku ke nan rabin wainar yana ƙonewa. Ina zama a ƙofar madafi ina gaya wa Binta ɗan abin da na tsinta, kuma bai isa ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Saude, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya sadakarta ta zame mata garkuwa daga wuta. Ka ba Sani da 'yan'uwansa haƙurin rashinta. Ni kuma Ka yafe mini girman kaina, kada Ka karɓi raina sai na cika mata alkawari. Amin.