Turmin gahawar Lazim

A zamanin Turkawa, Lazim ne shugaban dakarun sa-kai masu gadin iyaka, gabas da garin Amara. Yana da doki, da takobi, da gashin baki wanda yake murzawa ko ba kowa a wurin. Da rikicin iyakar ya lafa, aka ce kowa ya ajiye bindiga ya koma kiwon ɓaunarsa, don a can ɓauna ake kiwo kamar shanu. To Lazim bai iya tatsa ba, ba da umarni kawai ya iya. Sai ya kwashi mutanensa da bindigoginsu suka faɗa fadama, suka koma tare jiragen dabino da na shinkafa a kogin Dijla.

Da abin ya tsaya nan, da danginsa sun kau da kai, don a ƙasar nan ba a rasa ɓarawon jirgi a dangi. Amma wata rana ya tare wani jirgi, aka harbe mai shi, alhali jiya-jiyan mutumin ya sha gahawa a zauren mahaifin Lazim. Wanda ya sha gahawarka kuwa yana cikin amanarka. Tsohon ya tara jama'a ya ce ba shi da ɗa mai wannan suna, kuma har ya rasu bai janye ba.

Lazim ya yi suna, ya yi dukiya. Ya sa aka gina masa zauren baƙi na kara, wanda ya fi na ubansa tsawo, a wani tsibiri da ba shi da nisa da ƙauyensu. Ya ce wai don kyawun maɓoya ne. Ƙarya yake yi. So yake a ji turminsa.

Kowa ya san idan turmin tagulla ya yi ƙara da safe, ana kiran duk mai kunne ne ya zo ya sha gahawa. Lazim da kansa yake daka, da salon da ya koya a gindin ubansa, taɓarya ta faɗi ciki, ta bugi gefe, ta ɗan yi shiru, ta sake. Ƙarar takan bi saman ruwa ta yi nisa. Masunta na ji sai su juya kan kwalekwale. Shekaru suka tafi a haka, furfura ta cinye gashin bakin, ba wanda ya taɓa zuwa don kansa. Kaɗaici ya ishe shi, ga shi kullum cikin mutane.

Casib, mataimakinsa, ya taɓa kawo masa wani ɗan kasuwa a ɗaure. "Maigida, ga baƙo na samo maka. Mai ƙiba ma."

"Kwance shi, sakarai. Da igiya ake zuwa shan gahawa?"

"To mu da muke sha kullum fa?"

"Ku cima-zaune ne, ba baƙi ba."

Wata safiya yana cikin daka, sai ga kwalekwale ya ratso kara. Mizhir ne, wansa, ya tsufa, shi kaɗai ba bindiga. Lazim ya tashi har ya yi tuntuɓe da turmin. Mizhir ya yi sallama, ya shiga ya zauna, bai ko ɗaga kai ya dubi tsawon zauren ba.

Lazim ya zuba masa gahawa. Mizhir ya karɓi finjalin, ya ajiye a kan tabarma bai kurɓa ba.

Baƙon da ya ajiye finjali da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an ce an biya. Mai gidan kirki ba ya tambayar mene ne tukuna.

Casib ya raɗa wa Lazim, "Maigida, ka tambaya. In ya ce ka miƙa wuya ga Turkawa fa?"

Lazim bai saurare shi ba. Ya ce, "Sha, Yaya. Ko wuyana ne, an ba ka."

Mizhir ya shanye. Ya girgiza finjalin alamar ya isa, sannan ya ce, "Me zan yi da wuyanka? Inna ce. Idonta ya tafi, hankalin ma ya fara bi. Kullum da safe sai ta ji dakan nan ta ce Babanmu ne yake kira, ta miƙe ta nufi ruwa. Shekaranjiya da ƙyar muka tsamo ta."

"Ta... ta ambace ni?"

"Babanmu take ambata. Ka daina daka, Lazim. Buƙatar ke nan."

Ya tashi ya tafi. Lazim ya raka shi bakin ruwa, ya riƙe masa kwalekwale har ya shiga.

Ya cika alkawari. Ya ci gaba da tare jirage har ajalinsa, gahawa kuma sai dai a murƙushe ta a tsumma. Turmin yana nan a kusurwar zaure, shi yake goge shi kullum. Finjalin da Mizhir ya sha da shi kuwa ya hana a wanke.