Shekarar da Baba Ya Ajiye Luneti

Mahaifina tela ne a Tamaske, kuma tun da na yi wayo ban san fuskarsa ba sai da luneti a kan karan hanci. Tsohon gilashi ne mai kauri, ƙafa ɗaya ta karye an ɗaure da baƙin zare. In babu shi, ko zare ba ya iya zura wa allura. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma har na girma na zama mai koyarwa a lakwal a Madawa bai canza ba.

Wata Laraba bayan girbin hatsi ya buga mini waya ina tsakiyar aji.

"Uwata, idona ya buɗe!"

"Dā a rufe yake, Baba?"

"Ke dai saurara. Yau da sahe na mance luneti gida. Na zamna bisa keke, na ɗauki zare, sai ga kafar allura hangame kamar ƙofar masallaci. Bugu guda na zura."

Na ce Alhamdu lillahi. Shi kuwa ya riga ya gano dalili. Wani abokinsa da ya dawo daga ci-rani ya kawo masa tsarabar zuma galan guda, yana lasar cokali ɗaya kowace safiya. Da ido ya buɗe sai ya ƙara hannu. Zuma a koko, zuma a fura, zuma a shayin da dā ma sukarinsa ya isa ya tsayar da cokali. Lunetin ya ba wanzamin da ke kusa da shagonsa kyauta. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha wa'azin zuma kafin a auna shi.

Bayan sati uku Inna ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ubanki ba lahiya ba. Ruwa shika sha kamar raƙumi, buta ba ta hutawa, riguna sun yi mishi yawa. Kuma jiya ya tsaya ya gai da buhunnan albasa uku da anka jingine ga bangon masallaci."

"Buhunnan albasa?"

"Har da tambayar iyali. Da ba su amsa ba ya dawo gida da hushi, wai dattawan garin ga sun fara girman kai. Liman kuwa ya wuce ta tsallaken hanya, bai gane shi ba."

Na san in na ce masa ba shi da lafiya, ko da igiya ba za a jawo shi Madawa ba. Sai na ce masa akwai likitar ido a nan da ta ji labarinsa, tana son ta gani da idonta. Allah ya yafe mini. Washegari ya sauka daga mota da babbar rigarsa ta Juma'a, da kwalbar zuma a hannu, tsarabar likita.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba, mai haƙuri. Ta miƙa masa ƙaramar takarda, ya nuna mata layin ƙarshe mafi ƙanƙanta yana duban mutane ko sun gani. Ta nuna masa allon da ke jikin bango can nesa. Ya ƙanƙance ido, ya karkata kai.

"Ɗiyata, allon ga na son a goge shi."

Ta ce za ta ɗiga masa magani don ɗan baƙin tsakiyar ido ya buɗe, ta samu ta leƙa ciki. Ta ce zai yi zafi kaɗan, haske zai dame shi, kuma abin da ke kusa zai dushe masa har zuwa yamma. Ni na ji duk wannan. Baba bai ji ba, yana ta yi mata bayanin yadda ake gane zuma mai kyau.

Muka koma benci muna jiran magani ya kama. Akwai tsofaffi biyar ko shida a wurin, kowa da ciwon idonsa, Baba kuwa ba ya ganin taro ya ƙyale. Ya zare allura daga jikin hularsa, ya ciro zare daga aljihu, ya ce su matso su ga ikon Allah. Ya soka, ya kuskure. Ya lashi zaren, ya sake, ya kuskure. Ya nisantar da hannu, ya matso da shi har hanci. Wata tsohuwa mai ido ɗaya a rufe da bandeji ta ce, "Malam, ko in kama maka?"

Ya juyo gare ni, idanu baƙi wuluk kamar na mage.

"Uwata, sun kashe mini ido! Da ƙahwata na kawo shi, sun kashe!"

Da ƙyar na mayar da shi ciki. Likita ta haska fitilarta ta daɗe tana leƙe, ido na dama, na hagu, ta koma na dama. Sai na ga ta daina murmushi. Ta tambaye shi ko yana yawan jin ƙishirwa. Ta tura mu a soki yatsarsa a auna jini.

"Ido na kawo," in ji Baba, "mi ya kai ku ga yatsa?"

Da sakamako ya fito ta zaunar da mu. Ciwon sukari ne, kuma ya jima a jikinsa. Ta ce in sukari ya yi yawa a jini yana shiga har cikin ido, ya kumbura ɗan gilashin da Allah ya halitta a ciki, sai na kusa ya fito, na nesa ya ɓace. Ba warkewa ba ce. Ta ce ta ga ɗigo-ɗigon jini ƙanana a bayan idon, kuma in aka bar shi haka zai ci jijiyoyin har gani ya tafi baki ɗaya. Na dubi hannuwansa a kan gwiwa, na ga yadda suka rame, na ji kunyar dariyar da na yi ta yi a waya.

Baba ya ce, "To zuma hwa?"

Ta tambaye shi nawa yake sha a yini. Ya fara lissafa mata tun daga koko. Kafin ya kai fura ta ajiye alƙalami.

Muka fito da tsakar rana. Yana taka ƙofa ya runtse ido, hawaye shar-shar, ya ce rana ta sauko ƙasa. Babu baƙin gilashi a kusa sai nawa, wani fankameme mai baki ruwan hoda da duwatsu masu walƙiya a gefe. Na ɗora masa, bai ga abin da aka sa masa ba. Na goya shi a moto, babbar riga tana kaɗawa, muka bi ta tasha inda direbobin Tamaske ke lodi. Suka yi ta ɗaga hannu suna kiran "Tela! Tela!" wani har da riƙe ciki don dariya. Baba yana amsawa da ɗaga hannu a hankali, ya raɗa mini, "Kin ga yadda aka girmama ni garin ga?" Labarin ya riga shi isa gida da kwana biyu.

Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, aka hana shi zuma da sukari. Watan farko ba a ji daɗinsa ba. Da sukari ya fara sauka ganinsa ya riƙa yawo, yau kusa ta dushe, gobe nesa, likita kuma ta ce kada ya sayi sabon luneti sai ido ya tsaya wuri ɗaya. Ya je karɓar tsohon a wurin wanzami, wanzami ya ce kyauta ba ta komawa. Sai suka yi sulhu, wanzami da safe, tela bayan azahar. Kullum ya kira ni sai ya ce likitata ta ƙwace masa baiwa.

Amma jiki ya dawo, ƙishirwa ta tafi. Bayan wata shida muka koma, ta leƙa ta ce ɗigon bai ƙaru ba, ta rubuta masa sabon luneti. Sai ya buɗe jakarsa ya fito da doguwar riga ta shadda da ya ɗinka mata, da aiki a wuya, na hannunsa. Ta warware, rigar ta yi ta warwaruwa. Da ni da ita za mu shiga, a samu wurin baƙo.

"Baba," ta ce, "yaushe ka auna ni?"

"Da ido na auna ki, ɗiyata. Tela ne ni."

"Wace rana?"

Ya yi ɗan tunani. "Ranar da kinka ɗiga mini maganin nan."

Ta zura ta a kan farar rigarta haka nan, ta naɗe hannuwa sau uku, ta kira mai bi masa a layi.