Raƙumin da Ya Sauko da Katangar Alhaji Sada

Cikin duk ranakun da na yi a aikin duba gine-gine a Dutsin-Ma, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da na yi aiki da raƙumi. Ku da kuka shigo aikin nan da tef ɗin awo da waya mai hoto, ku saurara.

Shekarata ta biyu ke nan ina ƙaramin jami'i, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba. Ƙa'idarmu ba ta da wuya: mai son jan katanga a bakin titi sai ya karɓi takardar izini, a ciki an rubuta masa iya tsayin da zai kai. Gidan da ke kan kwana an fi matsa masa, don masu babur su riƙa hango juna. Mu da magina da layin bulo muke ƙirge, daga ƙasa zuwa sama.

Alhaji Sada, dillalin hatsi kuma aminin mahaifina, layi tara aka ba shi a kan kwana, ya yi sha uku. Hujjarsa ita ce tun kaka da kakanni katangar mai iyali sai ta kai inda mahayin raƙumi ba zai leƙa ciki ba. Shugabanmu ya kira ni ofis ya ce, "Lawal, mako ɗaya na ba ka. Ko katangar nan ta sauko, ko takardar tabbatar da kai ta kwana a durowata har ka yi furfura." Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da Alhaji, balle in shafa wa gininsa jan fentin rusau.

Da na je sai na tarar ya riga ni shiri. Ya sa tifa ta zube jar ƙasa a gindin katangar ta waje, an baje an daɓe, layi huɗu sun nutse. Yana zaune a tabarma yana jan carbi.

"Ɗana, ba daga ƙasa kuke ƙirgawa ba? To ga ƙasa nan, bisimilla."

Na ƙirga, tara cif. Na ce, "Baba, ka cika ƙa'ida." Na tafi ina cizon yatsa.

Ranar kasuwa na sami Malam Ila, wani mai raƙumi da ke kawo gero daga wajen Tamawa. Na saya masa goro, na roƙe shi in zai koma ya bi ta kan sabon tudun. Ni kuma na je gaida Baba, na zauna gefensa kamar ban san hawa ba, ban san sauka ba. Raƙumi ya hau tudu yana rangaji, Malam Ila ya zarce katanga har ƙirji. Mutumin kirki ne, ba ya ganin mutane ya wuce bai gaishe su ba. Sai muka ji ya ce, "Sannunku da aiki, Hajiya. Daka ake yi da ranar nan?"

Taɓarya ta tsaya cak a cikin gida. Carbin Alhaji ma ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon tudun. In ya kwashe ƙasar, sha uku ta fito fili. In ya bar ta, ya gina wa raƙuma matakala da hannunsa. Can ya juyo.

"Kai ɗan nan, aikinka ne ko?"

"Baba, ni dai gaisuwa na zo."

Nan na ba shi shawara a rage ta wajen zuwa tara, a ɗauki bulon a ja wata doguwa can ciki gaban tsakar gida, inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Kwana uku aka gama, shugaba ya sa mini hannu a takarda.

Abin da na koya shi ne, a garin nan mai ƙara tsayin katanga galibi sutura yake nema wa iyalinsa. In ka samo masa ita, da kansa zai kira magini. Sai dai kowane wayo da kuɗinsa: har Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, in na je gaishe shi, sai ya fara duba titi hagu da dama kafin ya amsa mini.