Inabin Gonar Tsohuwa da Sabon Manaja

Har yau in na tuna safiyar nan ta watan Oktoba sai raina ya ɓaci. Lokacin shekarata bakwai a wata ƙaramar masana'antar giyar inabi a Brooklyn, ni ne shugaban leburori huɗu. Kullum daga unguwarmu Tremont nake shiga jirgin ƙasa in tafi.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: yawanci kowane irin inabi tankinsa daban, sai ya tsumu a gauraya. Amma akwai wata tsohuwa a Long Island da mijinta marigayi ya shuka jan inabi iri uku a cakuɗe, kamar yadda muke haɗa gero da wake a gona ɗaya a Wusasa. Rana ɗaya ake tsinke su, tanki ɗaya ake zuba su, su tsumu tare. Mai tsami ya riƙe mai zaƙi. Abin da masu saye ke nema ke nan.

Ranar mai masana'antar ta yi tafiya. Mun cika ƙaramin tanki da inabin da muka saya wurin tsohuwar, sai ga sabon manaja, watansa biyu da zuwa. Ya leƙa akwatunan ya ga inabi manya da ƙanana a haɗe.

"Bitrus, wa ya ce ka zuba wannan shara?"

Na ce, "Oga, haka gonar take. Haka muke yi kowace kaka."

"Ka karanta wannan a wace makaranta? Ku ware su iri-iri."

Na ce masa inabin da aka tsinka ba ya jira, kafin a gama warewa zai fara lalacewa. A gaban yarana ya ce lalaci ne ke damuna, aikina ɗaukar kaya ne, ba tunani ba. Ya ba ni takardar dakatarwa ta kwana uku. Na cire safar hannu na fita.

Kwana biyu suka yi suna tsintar inabi zangarniya-zangarniya. Da na dawo, ƙananan ƙudaje sun cika ɗakin, warin tsami har bakin titi. Fiye da rabi aka zubar. Tsohuwar ta zo da kanta, ta tsaya tana duban akwatunan. Inabin mijinta ne.

Da mai masana'antar ta dawo, ta yage takardar dakatarwar, ta ce in yi haƙuri. Manajan kuwa ko kallona bai yi ba.

Ƙaramin tankin nan nawa kaɗai ya tsira a cakuɗe. Da giyar ta fito bayan shekara, aka yi ta yabonta. Na juya kwalbar, sai na ga sunan manajan a baya, wai shi ya "farfaɗo da tsohuwar dabara."

To, ku da kuka shigo aikin yanzu, ku ji: in ƙaramin ma'aikaci ya ce muku "haka muke yi", ku tambaye shi dalili kafin ku ɗaga murya. Kuma ku sani, a wannan sana'a wanda hannunsa ya rine ba shi ake rubutawa a kwalba ba.