Baba Istifanus da Ƙunshinsa na Kyauta

A shekarar da aka sake buɗe coci bayan kullen korona na fara ganin Baba Istifanus ya cire hula ya gai da kwamfuta. Ku da muka zauna tare a ajinsa na karatun manya a nan Kafanchan kun san ban ƙara gishiri ba. Sai ya kwance laftof ɗinsa daga cikin zanen zumuntar mata na marigayiyar matarsa, ya ajiye a tebur, ya cire hula, ya ce, "Layi a buɗe yake, yallaɓai, kana iya wucewa." Sannan ya danna. Shekara talatin ya yi yana ba jirgin ƙasa hannu a relwe, ya ce ba zai daina ladabi don inji ya ƙanƙance ba.

Ni a lokacin ina da shekara arba'in da shida, ina noman citta, ko sunana a jikin buhu ban iya karantawa ba. Baba kuwa bayan ritaya shi kaɗai ya koya wa kansa haɗa manhaja, don kada ya biya kowa kuɗin koyarwa. Abin da ya haɗa mana shi ne, harafi ya fito a fuskar kwamfuta, sai murya ta faɗe shi, ta ba da kalma, da Hausa da yarenmu. Gida-gida ya bi ya ɗauki muryoyin tsofaffinmu, har darasi sittin. Na arba'in da biyu muryar uwata ce, Mama Kande, tana ba da labarin yadda aka fara kawo citta ƙauyenmu, wata uku kafin ta rasu. Duk wannan dukiya a cikin laftof ɗaya take, wanda ya girmi rabin 'yan Makarantar Lahadi. Kullum fargabarmu ke nan: ranar da laftof ya mutu, ko mai laftof, ina za mu same su?

Da wata ikilisiya a Kauru ta roƙi darussan, ni na goya Baba a mashin. Na ɗauka minti goma za mu yi. Tabɗi! Ya buɗe wani tsohon littafin relwe, yana kwafe fayil ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya wuce sai ya ja masa layi da jan biro. Awa huɗu, darasi ashirin kawai muka sa. Faston wurin har ya ci abinci ya yi barci ya tashi.

"Baba," in ji Fasto, "idan wata ikilisiya ta nema kuma fa?"

"Sai in je."

"To in ba ka nan fa? Kowa ai Ubangiji zai kira shi."

Baba ya sauke tabarau ya dube shi. "Fasto, an aiko maka da sunana ne ban sani ba?"

A hanyar dawowa na tsaya zan sayi ruwan leda, ya ce in bari, hadari ya haɗu, na kyauta yana zuwa. Ya zo kuwa. Har cikin takalmi.

'Yarsa Rifkatu, wadda ke aikin ofis a Kaduna, ita ta zo da maganar instola. Ta yi mana bayani a aji: kamar ƙunshin kayan biki ne, ka ɗaure komai wuri ɗaya, duk wanda ya karɓa ya danna sau biyu, ƙunshin da kansa ya jera komai a kwamfutarsa. Ta ce kayan aikin ɗaure shi iri biyu ne, akwai na kuɗi, akwai na kyauta.

"Dadi, ni zan biya. Ba aljihunka za a taɓa ba."

"Aljihunki na wane ne? Ni na biya kuɗin makarantar da ta cika shi."

Maimakon darasin ranar, Baba ya raba allo biyu da alli, ya mai da mu alƙalai. A dama ya rubuta na kuɗi: maɓallai ne kawai, ka danna gaba, gaba, gaba, in ka maƙale akwai waɗanda za ka rubuta wa su amsa. A hagu na kyauta: da hannu za ka rubuta kowane umurni, in ka maƙale sai kai da Mahaliccinka. Mu duka muka ɗaga hannu wa na dama. Sai Rifkatu ta yi kuskure ta ce ana sabunta biyan kowace shekara, kuma da dala.

"Kowace me?"

"Shekara, Dadi."

"Haya ke nan! Wayyo ni! Gidan relwe ma an bar ni na zauna lafiya, sai a cikin kwamfutata zan zama ɗan haya?"

Amma shi mutum ne mai son adalci, sai ya gwada duka biyun. Na kuɗin yana ba da kwanakin gwaji, ya ajiye agogon aljihunsa na relwe a gefe, kafin la'asar ƙunshi ya fito tsaf. Na kyautar ya cinye masa wata uku, da biro huɗu, da rabin gashin kansa. Ranar da ya gama ya shigo aji yana taku kamar ango.

"Na kyauta ya ci!"

"Haba Baba," na ce, "yini ɗaya da wata uku?"

"Ɗan Kande, wata ukun nan wa ya sayar mini? Allah ya ba ni su, ban biya ko kwabo ba."

Muka ɗauki ƙunshin a filash, ɗan abin nan na ajiyar fayil, zuwa Kachia don gwajin farko. Coci ta cika, zumuntar mata sun zo da anko. Malam Luka, sakataren ajinmu, ya sa filash ya danna sau biyu. Sai wani babban gargaɗi ya rufe fuskar kwamfutar da Turanci. Malam Luka ya karanta, ya fassara: wai ba a san mai wannan abu ba, yana iya zama cuta.

"Yesu!" in ji shugabar zumunta, ta ja zane ta rufe hanci. "Korona ya kama kwamfuta! Ku matsa baya!"

Benci biyu suka watse. Baba kuwa ba cutar ce ta dame shi ba.

"Ba a san ni ba? Ni? Luka, gaya masa ya je tasha ya tambaya! Har direbobin Enugu sun san Istifanus!"

Aka kira Rifkatu a waya. Ta ce ba komai, a danna a ci gaba, gargaɗin yana fitowa ne don ƙunshin ba shi da hatimi, hatimin kuma sayensa ake yi. Baba ya ce a kashe wayar, kati yana ƙarewa. Washegari ya manna hoton fasfo ɗinsa a jikin filash da gam, ya rataya masa wasiƙar Fastonmu mai tambarin coci da zare. Duk inda aka sa filash ɗin, sai ya fara nuna wa kwamfuta wasiƙar tukuna. Gargaɗin bai daina fitowa ba, shi kuma bai daina nunawa ba.

Da daminar bara Baba ya kwanta kwana biyar ya tafi. Kun halarci jana'iza, ba sai na maimaita ba. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne abin da ya faru mako biyu bayan haka, kuma gara ku ji daga bakina.

Rifkatu ta kawo laftof da za a kai wa sabon aji a Kujama. Muka sa filash mai hoto, ƙunshi ya jera komai lafiya, muka yi tafi. Darasi na ɗaya zuwa na goma, murya tar. Na sha ɗaya, shiru. Haruffa suna fitowa kamar bebaye har zuwa na sittin. Rifkatu ta buɗe rubutun umurnin, ta sami saƙon da Baba ya bari a ciki, ta karanta mana: "Sauran muryoyi sun yi nauyi, filash ɗin nan ba zai ɗauka ba. Zan kai da kaina."

"Dadi!" ta ce, ta dafe kai. "Kuɗin babban filash bai kai mudun citta ba!"

Ta ce mu jira ta, za ta shiga kasuwa ta sayo, mu kwashe muryoyin daga laftof ɗinsa. Ta fita ta bar ni da Malam Luka. Shi kuma da ya kunna laftof ɗin Baba sai ya ga manhajar guda biyu, ta asali da wadda Baba ya sa daga ƙunshi don gwaji. Ya ce mu taimake ta mu cire bebiyar, kada ta kwafi wadda ba ita ba. Baba da Hausa ya rubuta maɓallan, don haka Malam Luka ya ce, "Ayuba, zo ka nuna karatunka." Na matso da alfahari. Na karanta "Cire." Na danna. Laftof ya tambaya, "Ka tabbata?" Na karanta wannan ma ba tare da tuntuɓe ba, na danna "I."

Ya daɗe yana aiki, fiye da yadda ya kamata. Sai rubutu ya fito, ni na karanta da ƙarfi: "An share tsaf. Na gode. Allah ya kiyaye hanya."

Malam Luka ya buɗe folda. Fayau, kamar rumbu a watan Yuli. Ashe a wuri ɗaya Baba ya ajiye ta gwajin da ta asalin. Na zauna a ƙasa. A rayuwata ban taɓa fatan da ban iya karatu ba sai ranar.

Da Rifkatu ta dawo da filash a hannu, ba ta zage mu ba. Ta sake buɗe umurnin ta bi layi-layi. Ta ce ko na kuɗi ko na kyauta, babu wanda ke taɓa abin da ba shi ya kawo ba. Baba ne ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, na share duk abin da ke cikin folda, a gefe ya rubuta dalili: "Baƙon kirki ba ya barin datti." Ta karanta sau biyu, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Kun ga mutumin nan? Sai da ya yi shara ya tafi!" Mu ma muka kama dariya, irin wadda ke ciwo a ƙirji.

Mun samo darasi ashirin na farko a Kauru. Wani mai gyara a Kaduna ya tono uku, suna tsinkewa. Na arba'in da biyu ba ya ciki.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Istifanus, ka ba shi hutu, kai da alherinka kyauta ne. Ka gafarta masa taurin kai, ka gafarta mini yatsana. Ga abin da muka rasa, mun ajiye a gabanka: darasi talatin da bakwai, muryoyin tsofaffi goma sha ɗaya, bakwai a cikinsu sun riga sun zo wurinka, har da uwata, da malami ɗaya. Amin.