Ƙyauren Malam Yahuza

Malam Yahuza mai faci shi kaɗai ke zaune a wata muguwar kwana tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Ɗakinsa ba ƙyaure. In mota ta kife, shi ke zuba ganye a titi, a kan ƙyaurensa da ya cire kuma ake ɗaukar masu rauni. A kansa aka ɗauki matarsa Suwaibatu shekara shida da suka wuce, kuma tun ranar bai maida shi ba.

Bana wakilan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka zo tare, suka ce za su haɗa hannu su ajiye motar asibiti a wurin.

Ɗayansu ya ce, "Baba, sai ka maida ƙyaurenka."

"Sai na ga motar tukuna, ɗana."

Suna tafiya, ya goge ƙyauren, ya jingine shi bakin titi.