Ranar da Baba Ya Gane Abokin Karawarsa

Jiya ina wucewa ta bayan lakwal ɗin da nake koyarwa a Tasawa, sai na ji ƙas! Wata mata ce ke fasa ƙodagon goriba bisa dutse. Na tsaya cak da jaka a hannu, don da wannan ƙara aka rene ni.

Ban sani ba ko ka taɓa ganin ƙwallon gora irin na garinmu, can bakin Gulbin Kaba a ƙasar Mayahi. Idan kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, sai maza su fito da sandunansu masu lanƙwasasshen kai, waɗanda aka gasa a wuta aka tanƙwara tun suna ɗanyu. Ƙwallon kuwa ƙodago ne, in ya same ka a ƙauri sai ka kira uwarka ko da kana da furfura. A cikin busasshen gulbi ake bugawa da la'asar, rana ta yi ja a bayan itatuwan goriba, mata sun jeru bisa gaɓa suna guɗa. A idona na yarinya mutanen nan ba sa taka ƙasa, shawagi kawai suke yi a cikin hasken.

Babana shi ne gwaninsu. Daga garuruwa ake aiko masa da goro ya je ya buga musu, ya dawo da hatsi da sabuwar riga. Wajen noma dai kada ka tambaya. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce da sandar nan tana huɗa da mun fi kowa rumbu.

Yanzu tsufa ya kama shi, hankalinsa ya yi nisa da mu. In na je hutu yakan gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, har ya tambaye ni yaya hanya. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana ci mini rai.

Bara bayan kaka samarin gari suka shirya taron tsofaffin 'yan wasa da masoyansu, suka yi ta aika saƙo ta waya. Yayana ya ce a bar Baba gida, kada a kai shi ya ji kunya gaban jama'a. Na ce sai ya je. Taurin kai ne, na sani, amma ina da buri: ko ganin filin zai dawo mana da shi, ko da na yini ɗaya ne.

Muka ɗora shi a amalanke. Tsofaffi sun hallara, wasu a kan baburan kabu-kabu, wasu ana riƙe da hannunsu. Matan da ke guɗa a da, haƙora sun zube amma maƙogwaro yana nan daram. Ɗaya bayan ɗaya abokan wasansa suka zo suna yi masa kirari, suna tuna masa ranar kaza da garin kaza. Baba yana cewa madalla, idonsa yana can kan itatuwa. Muka tsayar da shi aka sa masa sanda a hannu, ya riƙe ta kamar muciya. Yayana ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Sai ga wani dogon tsoho daga ƙetaren gulbi, wanda shi da Baba suka ƙare ƙuruciyarsu suna karawa, ba su taɓa shan fura a ƙwarya ɗaya ba. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya zagayo ta baya, ya maƙalo idon sawun Baba da kan sandarsa, ya ja. Da wannan maguɗi aka san mutanen ƙetare: in ƙwallo ya gagare su sai su ɗauke ƙafar mai shi.

Baba ya yi taga-taga. Na buɗe baki zan ci mutuncin tsohon, sai na ji muryar da na daɗe ban ji ba.

"Kai, ɓarawon ƙahwa! Hal yau ba ka bari ba?"

"In bari in ci mi?" in ji dogon. "Kai ma hal yau ba ka iya tsayuwa ba."

Baba ya juya sandar, ya gyara riƙo. Wani ya jefo ƙodago. Bugu kaɗan suka yi suka zube bisa rairayi suna haki, suna dariya, suna gardamar wani ci da aka yi tun ban yi wayo ba. Guɗa ta tashi daga gaɓa. Ni kuka nake yi, rabi na murna, rabi na kishin dogon tsohon nan.

A hanyar gida ina zaune kusa da shi, na ce, "Baba, ka gaji?"

Ya dube ni da fara'a ya ce, "Ke ɗiyar wa ce? In kin tahi gida ki hwaɗa ma babanki yau ya yi asarar kallo."

Na ce to.

Yanzu yaran garinmu ƙwallon roba suke bugawa, gulbin ma an mai da rabinsa gonaki, babu mai gasa sanda kuma. Ni dai na isar da saƙon. Duk hutu nakan zauna gefen tabarmarsa in ba shi labarin wasan ranar nan tun daga fari. Yakan saurara baki buɗe, in na gama ya girgiza kai ya ce ina ma a ce ya san wannan gwani.